Lamba 7 za a fara saya ko masu fasa masa hanya?

Baban Ummi (Wigan):
Salamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da muka yi da abokin aikina jiya a hanyar dawowa gida har yanzu tana min yawo a kai, shi yasa nace bari in kawo ta nan. Shi cewa yake duk kulob ɗin da yake son gyara harinsa a zari-ruga ta mutum 13 to kawai ya fasa asusu ya sayo lamba 7 mai tsada shikenan magana ta ƙare. Ni kuma shekarata kusan goma ina kallon wasan nan a fili ba a talabijin kaɗai ba, kuma abin da idona ya gane min shine hari ba a hannun lamba 7 yake farawa ba, a ƙasa yake farawa, wato lokacin da aka kayar da mutum ya miƙe ya taka ƙwallo baya. In ya miƙe da sauri masu tsaro basu gama komawa mita 10 ɗinsu ba, to ko yaro ka ba ƙwallon zai ga hanya. In aka danne shi aka ɓata masa lokaci layi ya gama daidaita, wlh ko waye lamba 7 ɗinka bango zai tarar. Don haka ni a ganina kuɗin farko na lamba 9 ne da manyan gaba masu ɗaukar duka, lamba 6 da 7 kuma ka raine su a gida. Wanda yake da ja bismillah.

Auwalu Kd:
Wa alaikumus salam. Yaya kafin a yi nisa ku dan taimaka mana mu yan kwallon kafa, ni sai kwanan nan na fara kallo a YouTube. Wannan lambobin da kuke kira kamar kowa ya sani, lamba 9 dan gaba ne mai cin kwallo kamar namu ko yaya? kuma meye bambancinta da wadda ake yi a Kano irin ta yan Barewa

Baban Ummi (Wigan):
Ƙanena ba laifi. Wadda ka sani a Kano ta mutum 15 ce, wannan ta mutum 13 ce, sun rabu tun 1895 a garin Huddersfield saboda rigimar biyan ma'aikata kuɗin ranar aikin da suka rasa in sun je wasa. A tamu kowace ƙungiya tana da dama shida, in aka kayar da ku sau shida baku ci ba ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, shi yasa yawanci bayan ta biyar ake buga ta da ƙafa can nesa. Dire ƙwallo a bayan layi, wato tirai, maki 4 ne, bugun da ke biyo baya maki 2. Lamba 9 shine yake tsayawa a bayan wanda aka kayar ya ɗauki ƙwallon ya raba, kusan duk ƙwallon da za a taɓa ta hannunsa take bi. 6 da 7 su ne masu tsara hari da bugu, lamba 1 yana baya yana jiran inda zai ɓullo. Su huɗun nan ake ce musu ƙashin bayan ƙungiya.

Auwalu Kd:
Toh na gane, kenan lamba 7 kamar mai raba kwallo a tsakiya ne. Na gode Yaya, ku ci gaba ina bi

Mai Shago (Sidni):
Baban Ummi da girmanka amma ban yarda ba gsky. Ni nan Sidni nake kuma Roosters nake so, bari in baka misali ɗaya tak. Daga 2013 har 2015 sau uku a jere suna gama kaka a saman tebur amma kofi ɗaya suka ɗauka, manyan gaba suna dasu, lamba 9 suna dashi, me ya rage? Suka je suka ɗauko lamba 7 Cooper Cronk daga Melbourne a 2018 duk da suna da nasu lamba 7 Mitchell Pearce wanda ya daɗe a gidan har ya ci kofi dasu, Pearce ya tattara ya tafi Newcastle mutane suna ta zagin shugabannin kulob. Me ya faru? Kofi 2018, kofi 2019, a jere. A wasan ƙarshe na 2018 ma Cronk da karyayyen allon kafaɗa ya shiga, da ƙyar yake ɗaga hannu, baki kawai yake amfani dashi yana nuna wa kowa inda zai tsaya kuma suka doke Melbourne. Kaga wannan kai aka saya ba ƙarfi ba. Katti masu gudu su yi karo da mutane ko ina akwai su, amma mai karanta wasa irin wannan a duniya basu fi a ƙirga da yatsu ba.

Injiniya (Penrith):
Mai Shago ka manta ka faɗa musu a shekarar ne kuma kuka sayo lamba 1 James Tedesco daga Wests Tigers, ba Cronk kaɗai ba. Kuma kai da bakinka kace manyan gaba suna nan lamba 9 yana nan. To ai maganar Baban Ummi ka ƙarfafa, gini ya riga ya kai linta Cronk rufi kawai yazo yayi.

Ni bari in kawo Penrith tunda a unguwar nake zaune kuma nasan yadda abin ya faro. 2019 na goma muka ƙare, Nathan Cleary yana nan a lamba 7, babansa Ivan shine koci. Shekara na zagayowa aka ɗauko Api Koroisau daga Manly a lamba 9, sai gamu a wasan ƙarshe na 2020, Melbourne ta doke mu 26-20. Cleary ɗin dai shine bai canza ba, abin da ya canza shine wanda yake miƙo masa ƙwallo. Api yana da wata dabi'a, in ya sunkuya zai ɗauki ƙwallo sai ya ɗan leƙa hagu ya yi taku ɗaya ko biyu, mutum biyun nan da suke tsaye a gaban wanda aka kayar dole su tsaya su kula dashi, kafin su ankara ya riga ya sakar wa wani a dama. Wannan rabin daƙiƙar da ya sace ita ce take zama fili a hannun Cleary can gefe.

Sannan shekarar ce aka kawo dokar nan ta sake ƙirga shida, wato in ka danne mutum ka hana shi tashi alƙali ba zai tsaida wasa ba kawai zai ɗaga hannu a sake ƙirga wa masu riƙe da ƙwallon dama shida daga farko. Wasa ya ƙara sauri sosai, katti masu nauyin gaske suka fara haki, ƙungiyar da take da masu tashi da wuri ita ta ci riba.

Mai Shago (Sidni):
To Injiniya in haka ne ai da Api ya tafi Tigers a 2023 sai ku rushe, amma kun sake cin biyu bayan tafiyarsa. Wa ya rage? Cleary. Cire Cleary ka gani ko Mitch Kenny zai ci maka kofi.

Injiniya (Penrith):
Wannan tambaya ce mai kyau kuma bazan ƙi gaskiya ba, salon ya canza bayan Api. Kenny ba mai satar gudu bane, mai tsaro ne da miƙa ƙwallo tsaf, sai aikin ya ƙara komawa kan Isaah Yeo a lamba 13. Da can lamba 13 ƙato ne kawai na uku a tsakiya, yanzu Yeo shi yake karɓar ƙwallo farko ya taho da ita har gaban hancin masu tsaro da wani ƙato a kafaɗarsa, ba ka san ko shi zai ba ko zai shiga da kansa ko zai jefa ta bayan ƙaton zuwa ga Cleary ba. Masu tsaron tsakiya dole su tsuke, suna tsukewa gefe ya buɗe. Kuma kar ka manta da na baya, Brian To'o da Dylan Edwards, su suke ɗaukar gudu na farko da na biyu in an bugo mana ƙwallo, To'o gajere ne amma kayar dashi aiki ne kuma kullum a kan cikinsa yake faɗuwa ya miƙe nan take, kattinmu suna samun hutu kafin a zo tsakiyar fili. Penrith bata ci kofi huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024 da ƙawa ba, tura ka take yi lungu ta buga ƙwallo kusurwa ta hana ka fita har ka gaji ka yi kuskure.

Kuma duba mutanen da muka rasa saboda iyakar albashi, Matt Burton, Kikau, Api, Stephen Crichton, Spencer Leniu, daga baya Luai da Fisher-Harris. Kusan duk shekara sai an zare biyu. Da sayen taurari muke dogara da tuni an wuce wurin.

Ɗan Fagge a Hull:
Ni dai ina karatu ne a nan kuma maƙwabcina ne ya fara jana filin Craven Park, yanzu ba na iya rasa wasa in ba jarrabawa ba. Abin da zan ce shine ku duka biyun kuna magana kamar dole sai ɗaya. Hull KR shekara 40 ba babban kofi tun 1985, sai 2025 muka kwashe uku, Challenge Cup da muka ci Warrington 8-6 a Wembley, garkuwar saman tebur, da wasan ƙarshe a Old Trafford da muka ba su Baban Ummi 24-6, Allah ya baka haƙuri Yaya. Mikey Lewis ɗan gida ne ba a saye shi ba, yaro ne mai zafin kai wanda in ya ga rami ko na allura ne sai ya shiga. Abin da koci Willie Peters yayi shine ya zagaye shi da mutanen da za su bar shi ya zama kansa. Aka kawo Tyrone May mai sanyin kai ya riƙe tsari, aka kawo Jared Waerea-Hargreaves daga Roosters yana da shekara talatin da wani abu kowa na cewa ya tsufa kuɗin fansho yazo ci, shekara ɗaya yayi ya ɗauki kofi ya yi ritaya. Irin wannan ba gudunsa ake saya ba, ana sayen abin da yara za su gani a wurin atisaye ne, da kuma tsoron da abokan karawa suke ji in yana tsaye a tsakiya.

Baban Ummi (Wigan):
Ɗan Fagge kun cancanta wlh ba zan ce komai ba, ranar mun zubar da dama biyu tun farkon wasa ku kuma da kuka samu taku baku yi wasa da ita ba. Abin da ya fi min ciwo Joe Burgess da ya ci mu sau biyu ɗan Wigan ne a gidanmu ya taso. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka, mai tsara hari ɗan gida, ƙaton tsakiya sayowa. Kuma baka ambaci Jez Litten ba a lamba 9, ni a wurina shi ya fi damun mu duk lokacin da muka haɗu, da zarar kattinmu sun fara gajiya sai ya riƙa zurawa ta bayan inda aka kayar da mutum.

Mai Shago (Sidni):
Baban Ummi to naku fa? Bevan French ɗan Wigan ne? Jai Field ɗan Wigan ne? Duk daga Parramatta kuka kwaso su. Wasan ƙarshe na 2024 da kuka ci Hull KR 9-2 tirai ɗaya tak aka ci a wasan gaba ɗaya kuma French ne ya ci da ƙafarsa daga kusan tsakiyar fili, babu wani tsari babu komai ya yaudari mutum biyu ya wuce. Cire wannan gudun ka gaya min me manyan gabanku suka ci.

Baban Ummi (Wigan):
A nan ka kama ni rabi, na yarda. Amma bari in faɗa maka yadda French yazo don labarin ba irin na Cronk bane. Lokacin da ya iso a 2019 ba tauraro bane, mutum ne da ya rasa gurbi a Parramatta yana buga rukuni na ƙasa. A gefe da lamba 1 ya yi ta wasa, har ya ci tirai 7 a wasa ɗaya da Hull FC a 2022 wanda ba a taɓa yi ba a Super League, wato babbar gasarmu ta nan Ingila. Matt Peet ne ya matsar dashi lamba 6 a 2023 ya zama gwarzon shekara. Kuma me yasa abin ya yi aiki? Saboda Harry Smith ɗan akadaminmu yana lamba 7 yana yin aikin da ba a tafa wa, shi yake bugu shi yake jan ƙungiya zuwa inda ake so, French kuma an sake masa mara ya yi yawo duk inda ya ga dama. Ka haɗa French biyu a ƙungiya ɗaya ka ga ruɗani. Sannan kafin kakar 2024 da muka ɗauki kofi huɗu har da doke Penrith 16-12, su wa aka sayo? Luke Thompson ƙaton gaba daga Bulldogs, da Kruise Leeming lamba 9. Ba a sayo lamba 7 ba.

Wato ni ba cewa nake kar a sayi mai hazaƙa ba. Cewa nake kar ka saye shi da tsada kana tunanin zai gyara maka abin da ya lalace a tsakiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wa zai tsaga bangon?

Maman Sadiq (Leeds):
Sannunku da muhawara. Ni ba gwanar dabaru bace amma yarona yana buga na yara a wani ƙaramin kulob a unguwarmu duk ranar Lahadi ina tsaye a bakin fili cikin sanyin nan, don haka ina ɗan ganin abin ta ƙasa. Abin da zan ƙara shine mu nan Leeds mun ga duka biyun. Kofi takwas da Rhinos suka ci daga 2004 zuwa 2017, Kevin Sinfield da Danny McGuire da marigayi Rob Burrow duk yaran gida ne tare suka taso, wanda aka sayo ya canza komai shine Jamie Peacock daga Bradford, ƙaton gaba, sai Kylie Leuluai. Bayan sun yi ritaya kulob ya yi ta sayo masu lamba 6 da 7 ɗaya bayan ɗaya, har aka biya kuɗi aka ɗauko Brodie Croft daga Salford wanda ya taɓa zama gwarzon shekara, amma 2024 na takwas muka ƙare. Ba laifin yaron bane, yana karɓar ƙwallo ne mutane sun riga sun iso kansa.

Amma kuma don adalci ga Mai Shago, Jake Connor da aka ɗauko daga Huddersfield mutane da yawa basu so ba ana cewa rigimamme ne, sai gashi a 2025 shine gwarzon shekara a lamba 7. Sai dai kafin nan koci Brad Arthur ya riga ya gyara tsaro da ƙwazon kattin.

Ɗan Fagge a Hull:
Anti kin kawo magana. Kuma akwai abin da ba mu taɓo ba wato kuɗin kansa. A Super League iyakar albashi wajen fam miliyan 2.1 ce ga ƙungiya gaba ɗaya in ka cire rangwamen da ake yi wa wasu taurari, a NRL, wato gasar Ostareliya, kuma ta haura dalar Ostareliya miliyan 11. Kaga ko kulob ɗin Ingila yana so ba zai iya sayen lamba 7 na sahun farko daga can ba, sai dai wanda aka ajiye a benci ko wanda ya fara gangarowa. Shi yasa a nan gwanintar ita ce ido, ka hango wanda wasu suka raina. Dubi Leigh, sun ɗauko Edwin Ipape ɗan Papuwa Niyu Gini a lamba 9 tun suna rukuni na biyu, ga Lachlan Lam ɗan kocinsu da bai samu zama a Roosters ba, shekarar da suka hau suka ci Challenge Cup a 2023, mu suka ci ma 17-16 da bugun Lam a ƙarin lokaci, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ipape in ya fito daga bayan taka ƙwallo kamar an harba shi, shi yake sa Lam ya samu lokaci.

Injiniya (Penrith):
Maganar ido ta tuna min wasan ƙarshe na 2023 kuma Mai Shago nasan shi zaka kawo don haka bari in riga ka. Brisbane tana gaba 24-8, Ezra Mam ya ci uku cikin ƴan mintuna, lamba 6 ɗinmu Luai ya fita da ciwon kafaɗa, kowa ya ce an gama. Cleary ya ba Moses Leota ya ci, ya buga 40/20, Crichton ya ci, shi da kansa ya ci ta ƙarshe aka tashi 26-24. Duniya ta ce Cleary ne kuma gaskiya ne shine. Amma wa ya shigo a madadin Luai? Jack Cogger, wanda aka ɗauko daga Huddersfield a matsayin ɗan jiran ko ta kwana, babu wanda ya yi maganar sayensa lokacin. Shi ya riƙa karɓar ƙwallo farko yana miƙe hari yana shiga cikin layi, sai Cleary ya koma mataki ɗaya waje inda akwai fili. Wannan sayen na ƙaramin kuɗi da babu shi ban san yadda daren zai ƙare ba. Haka 2024 Paul Alamoti da Bulldogs suka saki yazo ya maye gurbin Crichton har ya ci tirai a wasan ƙarshe da Melbourne.

Auwalu Kd:
Afuwan meye 40/20 kuma, sannan wannan jefa kwallo ta bayan mutum da kuke ta fada ba laifi bane? naga kamar tare hanya ne

Injiniya (Penrith):
40/20 shine ka buga ƙwallo kana cikin mita 40 na gidanku ta faɗi a fili ta gangara ta fita a cikin mita 20 na abokan karawa, in ka dace ku za a sake ba ƙwallon a can. Bugu ɗaya ya juya wasa. Ita kuma ɗayar, mutum ɗaya yana tahowa da gudu kamar shi za a ba, mai tsaro ya ɗauka shine ya tsaya masa, sai a wuce da ƙwallon ta bayansa zuwa ga lamba 1 da ya zagayo. Halal ne muddin mai yaudarar bai je ya bangaje mai tsaron ya hana shi bin ƙwallo ba, in ya yi haka alƙalin bidiyo zai soke. Kusan kowace ƙungiya tana yin wannan yanzu, shi yasa in an yi shi a kan layin da ya gama shiri baya cin kowa, sai dai a bi ku har gefe a tura ku waje.

Kawu (Ngaundare):
Ina gaisuwa ƴaƴana. Ni abin da ya jawo ni wasan nan yaron nan ne na Wigan Junior Nsemba, iyayensa mutanen Kamaru ne shi kuma a can aka haife shi. Tambayata ita ce tunda kuna cewa ƙarfi da gudu ana nema, me ya hana su zuwa nan Afirka su nema kamar yadda suke zuwa Fiji da Papuwa? An yi gasa a Legas a 2019 da Najeriya da Gana da Kamaru da Maroko, Najeriya ta ɗauka. Yara masu jiki muna dasu.

Baban Ummi (Wigan):
Kawu barka da zuwa, Allah ya ƙara girma. Nsemba kam muna ji dashi, dogo ne kuma in ya taho a gefen French mai tsaro baya sanin wanda zai kama. Amma shi a akadamin Wigan ya taso tun yana yaro, nan ne bambancin. Fiji da Papuwa yaro yana tashi da ƙwallon a hannu, a Papuwa ma wasan ƙasa ne har an basu gurbi a NRL daga 2028. Jiki kaɗai baya isa, komawa mita 10 ka taso ka koma ka taso na minti 80 da sanin wanda zaka kama a layi abu ne da ake koya da shekaru. Ga kuma dokar adadin baƙi da takardar izinin aiki, kulob ba zai ɓata gurbin baƙo a kan wanda za a fara koya wa ba.

Inda nake ganin ƙofa shine ɗan gefe. Martin Offiah iyayensa ƴan Najeriya ne, a Landan aka haife shi, ta mutum 15 yake bugawa Widnes ta hango shi ta ɗauke shi a 1987. Wigan ta saye shi fam 440,000 a 1992 wanda a lokacin ba a taɓa biyan irinsa ba, ya gama wasa da tirai sama da 500, yau mutum-mutuminsa yana Wembley tare da wasu gwaraza. Gudu irin nasa ba a koyarwa.

Maman Sadiq (Leeds):
Mutanen Leeds basu manta Offiah ba, tirai goma ya ci su a wasa ɗaya a 1992, ga kuma wadda ya ɗauko tun daga bakin gidan Wigan a Wembley 1994. Kakan wani abokin Sadiq har yau in aka ambaci sunan sai ya girgiza kai. Amma Baban Ummi ɗan gefen yanzu ba irin na da bane ai, Injiniya ya ce shine mai ɗaukar gudun farko cikin katti. Kocin su Sadiq ma abin da yake fara koya wa yaran gefe kenan, yadda za su faɗi su tashi, kafin ma a zo maganar gudu.

Mai Shago (Sidni):
Na ji duk bayananku kuma wasu sun shige ni, musamman na Cogger ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma har yanzu ina nan a kan bakata a abu ɗaya. Duk misalan da kuka kawo ƙungiyoyi ne da Allah ya basu lamba 7 a gida, Cleary, Harry Smith, Lewis, su McGuire. To wanda bashi dashi fa ya zauna yana jira shekara goma? Canberra ta tara katti daga Ingila, Josh Hodgson a lamba 9, Whitehead, Bateman, Sutton, daidai tsarin Baban Ummi, suka je wasan ƙarshe 2019 muka ci su 14-8. Brisbane kuma sai da ta sayo lamba 7 Adam Reynolds daga Souths a 2022 sannan ta dawo hayyacinta bayan ta ƙare a ƙarshen tebur a 2020, ta je wasan ƙarshe 2023, ta ɗauki kofi 2025. Payne Haas da Carrigan suna nan tun kafin ya zo ana cin su.

Baban Ummi (Wigan):
Reynolds hujja ce mai ƙarfi ban da amsar da zata rushe ta. Abin da kawai zan ce shine ya tarar da Haas da Carrigan, da ya tarar da babu fa? Wests Tigers sun ƙare a ƙarshen tebur sau uku a jere 2022 zuwa 2024 kuma ba rashin masu hazaƙa a hannu bane ya kai su, Api ma yana can shekara biyu daga ciki, wanda ya nuna ko lamba 9 ɗin da nake yabo shi kaɗai baya ɗaukar jinka. Sannan akwai hanya ta uku da Melbourne take bi, Craig Bellamy tun 2003 yake can, Cronk ɗin naka ba a lamba 7 ya fara ba ɗan cike gurbi ne daga benci, Jahrome Hughes lamba 1 ne aka mayar dashi 7 har ya zama gwarzon NRL a 2024. Wato in baka dashi kana iya ƙera shi in kana da koci mai haƙuri.

Injiniya (Penrith):
Mai Shago ga abin da zamu yi. Wasan Roosters na gaba kar ka bi ƙwallo da ido, ka kalli wanda aka kayar kawai ka ƙirga a ranka daƙiƙa nawa yake yi kafin ya taka ta, musamman kayarwa biyu kafin kowace tirai. Ka rubuta a takarda ka kawo mana nan. Ni ma zan yi na Penrith.

Mai Shago (Sidni):
Na yarda zan yi. Amma kai ma ka ƙirga min sau nawa aka tashi da sauri kuma ba a ci komai ba saboda wanda ya karɓa bai san me zai yi da ita ba, sai mu haɗa lissafin biyu.

Auwalu Kd:
Nima zan gwada da wasan karshe na 2023 din nan tunda akwai shi cikakke, daga minti nawa zan fara kallo Injiniya?

Injiniya (Penrith):
Fara daga farkon zagaye na biyu don ka ga yadda Brisbane ta farfasa mu tukunna, sannan ka sa ido a kan inda Cleary yake tsayawa kafin Luai ya fita da kuma bayan Cogger ya shigo.